Hotunan Inna Suna Cikin Na'urarku

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya, sai dai raina a ɓace yake, kuma da kamfaninku nake. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Na'urar ajiyar bayanan da ka kawo wa asibitinmu ta kulle. Ita ce wadda na tsaya gaban shugabanmu na buga ƙirji a kanta, na ce ai yayana ne ke sayarwa. Saƙo ya zo daga wajenku cewa a sabunta manhajarta, wai sabuwar ta fi tsaro, mai kula da kwamfutocinmu ya sabunta. Tun daga nan duk wani tsohon hoton majiyyaci sai dai mu ga suna, in an danna ya ƙi buɗewa.

Yaya, hotunan Inna na bara suna ciki. Mun ɗauki sabo a kan kumburin wuyan nan nata, likita ya ce sai ya jera shi da tsohon zai gane ko girma abin yake yi. Da wannan zai yanke ko a yi mata aiki ko a bar ta a kan magani.

Masu amsa ƙorafinku kuwa, na kira su har kunnena ya yi zafi. Duk kira sabon mutum, kowa sai na faro masa labarin daga tushe, ya ba ni haƙuri da zaƙin murya, ya ce a kashe a kunna. Jiya suka rufe ƙorafin ba a gyara komai ba, suka turo tambaya wai ko na gamsu, har da zanen fuska mai murmushi. Da suna kusa da sun ga tawa fuskar.

Don Allah ka sa baki. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da bakin tsawaita ta.

Injiniyanku ya zo. Bawan Allah ne, ya wuni durƙushe a ɗan ɗakin nan mai sanyi, fuskarsa duk gajiya. Ya ceto hotunan bana, na bara kuwa ya ce sun tafi har abada. Da na matsa masa, sai ya faɗa mini cewa a ofishinku ba mai ɗora sabuwar manhaja sai ta kwana biyu a hannun masu saye, an ga ɓarnar da ta yi. Wato mu ne abin gwajinku, mu da marasa lafiyarmu.

Bai san ni ƙanwarka ba ce. Cikin yabo ya kawo sunanka, wai duk cikin masu sayarwa ba wanda ya kai ka kula da mutanensa, don da ka ji ƙishin-ƙishin wannan manhajar tana da matsala ka bi bankunan da ke hannunka ɗaya bayan ɗaya ka ce su dakata. Na tsaya ina kallon bakinsa. Bankuna, Yaya! Lambata ce ba ka da ita, ko asibitinmu ne ya yi maka ƙanƙanta?

Shugabanmu ya ce ba mu sake ɗora komai daga wajenku, ko da kuwa gyaran gaskiya ne. Ban ga laifinsa ba, ni ma yanzu in kuka ce gari ya waye sai na leƙa waje.

Likita ya ce ba zai yi caca da jira ba, aiki za a yi mata mako mai zuwa. Tsohuwa mai hawan jini za a kwantar a yanka, kuma ba wanda zai taɓa sanin ko da magani ya isa.

Inna ta tambaye ni abin da ya sami hotonta. Na ce ka fi ni sanin na'urar, kai za ka zo ka yi mata bayani. Murna take ta yi, har ta sa an share maka ɗaki.

Ƙanwarka,
Auta