Ana Koya Mini Faɗuwa, Ikilima

Ya Ikilima, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farkon damina mai tada ƙamshin ƙasa! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya kewaye gidanku har zauren da kike shimfiɗa mini tabarma.

Yau Juma'a, an ɗan sassauta mana bayan masallaci. Kurata 'yan'uwana duk sun zube suna minshari, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In na kwanta, ke; in na tashi, ke; in na leƙa taga, sai in ga kamar hanyar Daura ce ta miƙe tana kirana. Idon sawuna na dama ya kumbura kamar kabewa, amma wallahi ba shi ya hana ni sukuni ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai ke.

Kin tambaye ni ko ana wahalar da mu. Ana yi, tauraruwata, ba kaɗan ba! Ranar da muka iso aka yi mana aski ƙwal-kwabo, sumar nan da kike tsokanata da ita ta bi shara. Tun kafin assalatu begila ke tashin mu. Gudu da jaka a baya da bindiga a hannu, rarrafe da ciki ƙarƙashin waya mai ƙaya, fareti har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Mutum ɗaya ya yi laifi, duka mu sha tsallen kwaɗo. Bindiga kuwa, na iya kwance ta in ɗaura ido a rufe. Amma me wannan zai yi wa ɗan kokawa? Ina kallon 'yan boko suna haki, ina dariya a ciki. Da aka karanto sunana cikin waɗanda za su zama sojan laima, masu dirowa daga jirgin sama, kaina ya kumbura har hular kwano ta nemi ta matse ni.

Ashe ban san abin da ke jirana ba. Kin san darasin farko? Ba jirgi, ba laima. Faɗuwa! Ikilima, faɗuwa ake koya mana! A hau da kai kan dakali mai tsayin katanga, yashi a ƙasa. Ka haɗa ƙafafu, ka haɗa gwiwoyi, ka ɗan lanƙwasa su, ka diro, ka saki jiki ka zube ta gefe: ƙwauri, cinya, kwankwaso, ka mirgina kan bayanka. Saje Amadu, mai horar da mu, ya ce mai saukowa da laima ƙasa na taryarsa da ƙarfin wanda ya diro daga kan soro, kuma duk wanda ya tsaya ƙyam, ƙashinsa ne zai ɗauki nauyin.

To ni fa? Tun ina yaro a dandalin Sandamu kawuna ya dasa mini abu ɗaya: gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an kada kai. Na girma a kan haka, na yi suna a kan haka. Sai in hau dakalin nan da niyya mai kyau, in ce yau zan zube, amma ina dira ƙafafuna su buɗe da kansu, in kafe kamar turken awaki. Kurata su fashe da dariya. Saje ya ɗauka taurin kai ne, ya ba ni gwale-gwale har na ga taurari da rana. Ya zan yi in gaya masa ba ni ba ne, jikina ne ke jin kunya? Ranar Talata na sake kafewa, sawun ya gurɗe. Likitan bariki ya ce in aka sake irin wannan, sallama ce, in tattara in koma gida. Litinin za a gwada mu, wanda ya tsallake ya wuce hasumiyar koyon dirowa, daga nan sai jirgi.

Kin tuna, haskena? Tun da Shari'a ta zo 'yan mata suka daina zuwa kallon kokawa a wajenmu, don haka ko sau ɗaya ba ki taɓa ganina a fage ba. Amma ana tashi wasa nakan hau babur daga Sandamu, ko wanka ban yi ba, in zo layinku na bayan Kusugu. Ki fito cikin mayafinki mai ruwan ganye, ki ƙi amsa gaisuwata, ki ce in juya tukuna. Ki duba ƙeyata, ki duba gwiwar hannuna, kina neman ƙwayar yashi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In ba ki samu ba, sai ki sunkuyar da kai kina murmushi, ki turo mini ƙwaryar fura. Ya Rabbi, wannan murmushin! Don shi na kada maza, ba don kiɗa ba, ba don tafi ba.

Shi ne yanzu ke hana ni saki. Duk lokacin da na hau dakali, ke nake gani a ƙasa kina jira in juya. Gaya mini, zumar bakina, wa kike so? Ni Audi, ko bayan da yashi bai taɓa ba? In na dawo miki da ƙasa a ƙeya, da ƙasa a kafaɗa, mutumin da ya mirgina a gaban ɗaruruwan maza, za ki turo ƙwaryar, ko za ki janye ta? Tambayar nan ta fi jakar baya nauyi, kuma da ita nake gudu kowace safiya.

Ga kuma Babanki. Kin san bai taɓa son ɗan kokawa ya zama surukinsa ba, ya ce sai na gama horo na sa kaki za a sa mana rana. In aka sallame ni da ɗingishi, ba fage, ba kaki, da wace fuska zan yi sallama a zaurenku? In riƙe suna in rasa ki? Ina sunan zai kai ni?

Direban motar Daura da zan ba wa takardar nan ba zai iso ba sai bayan Litinin, don haka ba zan ji amsarki kafin in hau dakali ba. Na so in nemi izininki, lokaci bai bar ni ba. To ki sani: kina karanta wannan, na riga na faɗi. Zan haɗa ƙafafuna, in ambaci Allah, in ambace ki, in kwanta wa ƙasa da gangan.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki sa yayanki Sabiru ya je Sandamu wurin Mainasara, makaɗina. A kirarin da yake mini akwai inda yake cewa ƙasa ba ta san bayan Audi ba. A ce masa ya cire, kada ya ci gaba da yi wa mutane ƙarya a kaina, kuma kada ya fara ji a bakin wani. Na san zai ajiye ganga ya tambayi wane namiji ne ya kada ni. A ce masa ba kowa. Ni na kwanta da kaina, saboda 'yar gidan bayan Kusugu.

Naki a tsaye, naki a kwance, ba sauyi har ranar da za a mayar da ni cikin ƙasar gaba ɗaya,

Audi