Hancina Aka Ɗauka Aiki

Gaisuwa ta manya zuwa ga ɗaukacin jama'ar gidana, babba da yaro, har kyanwar nan ɓarauniya, daga bakin Sarkin Makiyaya da kansa. Maman yara, ya gida, ya ƙafar Inna? Auta ta daina tarin nan?

Kince yara na tambaya wai ina dabbobin da nake kiwo. Ki gaya musu garken babansu yafi na kowa yawa, ido ne kawai baya ganinsu. Bakateriya sunansu, ko yaya ake rubutawa oho. Anan wajen aiki shara muke tarawa ta ruɓe ta zama taki, tana fidda wani tururi wai shi amoniya, mai sa ƙato hawaye. Fanka ke turo shi ta bututu zuwa wani rami cike da ɓawon itace, dabbobina na ciki suna cinye shi. Nawa aikin in basu ruwa, da safe in kafa hanci a bakin ramin. In ba wari sun ƙoshi. In da wari a kira injiniya kafin maƙwabta su ji. Hancin nan aka ɗauka aiki, ni rakiya nayi masa.

To na gaji, maman yara. Kwanaki fankar ta mutu, muka kwashe takin da shebur cikin tururin, tun ranar hancina ya ɗauke ɗif. Shekaranjiya na shinshina nace lafiya lau, ashe ramin ya bushe, rabin dabbobin sun mutu. Matan unguwa suka cika ƙofa, kowacce ta toshe hanci. Manaja yace in aka kuma zai nemo wani hancin. Nayi ta dariya nace mura ce. Sabulu, albasa, har fetur na gwada, kamar ina shinshina ruwa.

Kar Inna taji. Direban motar taki zai biyo ta wajenku, ki bashi ɗankwalinki shuɗin nan, kar ki wanke. In naji ki a ciki, hancin na nan, barci yake. In banji ba, ki gyara min shimfiɗa, kice ma yara Sarki ya saida garke.

Amma ki aiko dai, dan Allah.

Naki har gobe,
Sarkin Makiyaya