Rijiyar Badafi

Badafi, Afrilu 1957

Zuwa ga ƙanwata Malama Turai, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, an dakatar da mu masu haƙar rijiyar hukuma. An ce aljihun hukuma ya yi sauƙi bana, kowa ya tafi hutu ba albashi sai an neme shi. Yaran aikina sun watse, Habu kaɗai ya tsaya. Mota ta zo ta kwashe simintin.

Abin da ya dame ni, da muka fara sabuwar rijiyar, ni na ce a riƙa zuba ƙasarta cikin tsohuwar rijiyar garin, don bakinta ya zaizaye, har akuya ta taɓa faɗawa. Mai gari ya ce, "Malam Labaran, a bari dai mu ga ruwa." Na ce masa aikin hukuma ba ya tsayawa. Yanzu tsohuwa ta cike, sabuwa ba ta kai ruwa ba. Mata suna tafiya rafi tun da asuba. Ba wanda ya ce mini komai, har yau ma ana aiko mana da tuwo.

Ki gaida na gida.
Yayanki, Labaran

Tudun Wada

Yaya, ina gaisuwa, ina gaida mai ɗakinka Yaya Safara'u.

Ashe hutun na dangi ne. Mu ma an rufe ajin 'yan mata. Shekarun da na yi ina bi gida-gida ina roƙon iyaye, da safiya ɗaya aka sallame su. Jiya na ga Kulsum, wadda ta fi kowa lissafi, tana tallan gyaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Malama, yaushe za mu koma?" Na sayi gyaɗar.

Wanda ya kawo mana saƙon ya ce ba kora ba ce, dakatawa ce. Na tambaye shi ko ciki ma ya san da wannan bambanci. Ya ce zai bincika.

Yaya, ka tattaro iyalinka ka dawo gida Bebeji kafin ruwan shuka. Rijiyar ta hukuma ce, kunyar ma tata ce.

Ƙanwarka, Turai

Badafi, Mayu

Malama Turai, bayan gaisuwa.

Kin iya magana tun kina ƙarama. Amma ba hukuma matan garin suke gani ba idan sun wuce da tulu, ni suke gani. Ni da Habu mun ci gaba da haƙa. Na san ba a shiga yashi sai an ɗaure bango da siminti, ni nake koya wa mutane haka. Amma jiya na damƙi ƙasa na ji danshi. Saura kaɗan. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa, in sha Allahu za mu riga shi.

Yayanki

Badafi

Zuwa ga Malama, daga Safara'u. Malam Abdussalami na makarantar allo ne yake rubuta mini.

Ina gaisuwa. Malama, ki zo. Ran Talata an yi ruwan farko da hantsi, yayanki yana cikin rijiyar. Habu ya yi ta kira, "Maigida, ka kama igiya!" Shi kuwa yana cewa, "Bari in cika wannan gugan." Bango ya rufta. Mutanen gari da hannu suka tone shi, har da mai gari. Yana da rai. Maɗori ya duba, ya ce ba ƙafa ba ce, baya ne, ba aikinsa ba ne. Yayanki ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa.

Da ya farfaɗo, cewa ya yi, "An ga ruwa?"

Kano, Yuni

Yaya Safara'u, ina gaisuwa. Ya mai jiki? Allah Ya ba shi lafiya.

Na je ofishin masu rijiyar hukuma a nan Kano. An ba ni kujera, an yi mini jaje sosai. Akawun ya ce ya san Malam Labaran, mutumin kirki ne. Na ce to, a aika mota ta kawo shi asibiti, kamar yadda ake yi wa wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Ya gyara hula ya ce, "Ai Malama, ba a bakin aiki yake ba. Hutu yake yi."

Na ce, "A ƙasan rijiya?"

Ya ce, "Inda mutum ya ga dama ya yi hutunsa, ba ruwan ofis."

Ya raka ni har bakin ƙofa, ya rufe ta a hankali, don mai ladabi ne.

Kada ki bari a karanta wa Yaya wannan. Ki ce masa ana dubawa. Ga ni nan tafe, na kama hanyar tashar motar Ƙafin Maiyaki.

Taki, Turai