Mazaunin Bakin Ƙofa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafarki? Yaya Baba da su Firuza? Inabin da ke bayan gidanmu ya nuna kuwa?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Mun bar garin Murghab, mun tsallaka zuwa ƙasar Kirgiz. Surukarki Nigina na gaba a kan kekenta, ni ina baya da motar da muke kwana a ciki. Ni ke dafa shayi, ni ke liƙe taya, ni ke wanke safarta. Ta ce haka mazan birni ke yi wa matansu. To, ban sani ba, ban yi karatu kamarta ba.

Jiya wasu makiyaya suka kira mu cin abinci. Suka kai ta can ƙurya, mazaunin babban baƙo. Ni suka nuna mini bakin ƙofa, wajen takalma. Maigidan ya miƙo mini burodi ya ce, "Direba, wane irin miji ne zai bar mace ta hau duwatsun nan ita kaɗai?"

Na dube ta, Inna. Ta yi dariya ta ce, "Yana gida, Baba, ba ya son wahala."

Na cinye burodin, don ke kika koya mini ba a mayar da shi.

Gobe zan ci gaba da bin ta, ruwanta da bargonta suna wurina. A aiko mini da rigar sanyin Baba. Idan maƙwabta sun tambayi mijin Nigina, ki ce yana gida. Ita ma haka ta ce.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Davlatbek