Faifan Japan a Sunan Binta

Daren Asabar, 12 ga Maris, 1977. Unguwar Sarki.

An watse daga taron suna, amma raina bai huce ba. Yaya Sani ya shiga ɗakina ba izini, ya ɗauko faifan da wani injiniyan masaƙa, mutumin Japan, ya ba ni, ya ɗora a garmaho wai mata su sha kiɗa.

Ranar da mutumin ya ba ni faifan, sai da ya bayyana mini asalin kowace waƙa. Mawaƙiyar da kanta ta tsara su bayan jaririyarta ta rasu. Ta farkon ma ban kwana ce da gawar.

Ita Yaya ya yi ta maimaitawa, mata suna guɗa.

Na ce, "Yaya, don Allah a cire wannan."

Ya ce, "Ka cika rowa. Wa yake jin Japananci a nan?"

Ni ma ba na ji, amma na san abin da take faɗa, kuma a sunan 'yata Binta aka saka.

Ban gaya wa matata Hajara ba. Ga ta can cikin ɗaki, tana rarrashin jaririyarmu da karin waƙar.