Ƙurar Tsamiya a Gilashi na 212

Litinin, 3 ga Maris
Kwana arba'in da rasuwar matata. Na je aiki. Me zan zauna in yi?

Alhamis, 6 ga Maris
Shekara uku ina ƙirga ƙurar fure a taɓon da aka haƙo daga ƙasan tafki. Kowace ƙwaya shaida ce ta itacen da ya rayu a nan lokacin da duniya ta yi zafi. A gilashin gwaji na 212 na ga ƙurar tsamiya, guda tara. Tsamiya, a ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo! Saboda taran nan na ce mata ta ƙara haƙuri, in gama takardar binciken in zo gida. Ta ce, "To, Malam, ka gaishe min da matattun itatuwanka." Ba ta jira ba.

Talata, 11 ga Maris
Mai wanke mana samfur, wadda muke kira Hukuma, ta leƙa madubin ƙara girma ta daɗe.
"Dakta, tsohuwar ƙura ɓawo ce kawai. Waɗannan da cikinsu. Ba su shekara biyar ba."
Na ce idonta ne.
"Me kake ci a ɗakin nan?"

Laraba, 12 ga Maris
Zuma. Wadda matata ta aiko min daga gida bara, mai ƙullin leda a bakin kwalbar. Da yatsa nake lasa, a teburin aiki, duk da dokar da ni na rubuta na manna a ƙofa. Na ɗiga kaɗan a gilashi na duba. Tsamiya fal, kamar kasuwa.

Asabar, 15 ga Maris
Na so in tsani Hukuma. Na kasa. Gaskiya ta faɗa, kuma ni ta faɗa wa, ba Farfesa shugabanmu ba. In na yi shiru takardar za ta fita. Wa zai sani?

Litinin, 17 ga Maris
Na janye takardar. Farfesa ya dafe kai: "Zuma? Kai da kake korar mutane kan biskit?"

Lahadi, 23 ga Maris
'Yata ta kira. Tun jana'iza ba ta yi min magana ba.
"Baba, an buga takardar?"
Na ce babu takarda. Na faɗa mata dalili, ban rage ba. Sai dariya, sai kuka.
"Umma ce ta kama ka."
Na duba jiragen wata mai zuwa. Dubawa kawai na yi.