Sunayen Tungar Baushe

Litinin, 10 ga Mayu, 2010

Zafi ya kai inda ya kai. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke sau uku kafin azahar, matan da nake koya wa ordinatar, wato kwamfuta, suka gaji da fifita suka watse.

Alu ya zo da wata takarda. Alun nan dai da muka kafa ƙungiya tare shekara uku da suka wuce, muna bin ƙananan ƙungiyoyin Yamai muna sa musu Linux, tsarin kyauta, a tsofaffin ordinatocin da aka ba su sadaka, don kada kowa ya sake biyan lasisi ko ya yi sata. Ƙungiya goma sha huɗu muka yi wa, ni da shi, da ƙafafunmu. Yau shi ne yake yawo da wasiƙar roƙo zuwa ga Babban Kamfani (ba zan rubuta sunansu a littafina ba), wai su taimaka su kawo manhajojinsu na rubutu da na lissafi su yi aiki a kan tsarinmu.

Na ce, "Alu, lafiyarka ƙalau?" Ya ce, "Balki, karanta tukuna." Ban karanta ba.

A kan sabuwar moto ya zo, babur. Ja. Ban tambaye shi ba, amma na gani.

Laraba, 12 ga Mayu

Na karanta. Ladabi har ya yi yawa, kamar mai neman aure.

Abin da Alu ya ƙi gani: ranar da suka shigo da kayansu cikin namu, wa zai ƙara taɓa manhajojinmu na kyauta? Kowa zai koma abin da ya saba. Shekara biyu su bayar a banza, ta uku su ce a biya, lokacin duk takardun mutane suna hannunsu. Mutanen da suka yi shekaru suna zagin tsarinmu ba za su wayi gari suna ƙaunarsa ba. In sun zo, akwai abin da suka hango.

Ga kuma wata. Takardar tana neman suna, da lambar waya, da unguwa. Wata uku ke nan da sojoji suka karɓi mulki, kowa yana magana ƙasa-ƙasa a taksi, shi kuma yana tara sunayen mutane a jere. Wa ya san teburin da za ta kwana a kai?

Juma'a, 14 ga Mayu

Halima, sakatariyarmu, ta ce ta ga Alu yana cin abinci a otal da wakilin kamfanin. To. Moto ta yi bayanin kanta.

Litinin, 17 ga Mayu

Kawu Yakuba, ƙanen Inna, ya iso daga garinmu, Tungar Baushe. Da ƙyar na gane shi a ƙofa, rigar ta yi masa yawa. Ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya kwance wani kaye, littafin rubutu, daga cikin leda biyu.

"Ɗiyata, ga sunaye nan munka rubuto. Gida ɗari biyu da sha ɗaya. Mutane sun kai ga cin anza, ɗiyan icen dajin nan masu ɗaci, wasu anzar ma ta ƙare."

Biron raba agaji, ofishinsu ke nan, sun ce ba sa karɓar rubutun hannu. Sai an cike takardarsu ta cikin ordinatar, a kai a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar. Maigari ya ce ai muna da ɗiya a Yamai mai wannan aiki. Kwana biyu Kawu ya yi a hanya.

Rajistar farko za a rufe ta Alhamis 27 ga wata. Wanda ya shiga, kamiyon farko, babbar motar kaya, nasa ne: hatsi da irin shuka. Wanda bai shiga ba sai zagaye na biyu.

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Wannan aikin yini ɗaya ne." Har da dariyata.

Laraba, 19 ga Mayu

Na gama. Sunan mai gida, yawan baki, yara ƴan ƙasa da shekara biyar, mata masu ciki. Kawu yana karantowa ina bugawa. Ya san kowa. In ya zo kan wani suna sai ya tsaya ya ce, "Wanga ya sai da shanunai duka," sannan ya wuce.

Fati ɗiyarsa, baki bakwai. Ita da muka yi wasan ƙasa tare.

Na ji daɗi yau, ba ƙarya. Na ce a raina, ga abin da tsohuwar ordinatar da tsarin kyauta suka yi, ba tare da roƙon kowa ba.

Alhamis, 20 ga Mayu

Sun ƙi karɓa.

Soja a ƙofa ya juya kile ɗina a hannu kamar harsashi ne, sannan ya bar ni na shiga. Ma'aikacin da ke karɓa, wani Mutari, ya sa a tasa ordinatar ya girgiza kai. Wai takardar tana da wani maɓalli da ake dannawa bayan kowane gida, shi ke ba gidan lambarsa. Ba lamba, ba buhu. Maɓallin kuwa ba ya aiki sai a cikin manhajar Babban Kamfani, sabuwar fitowa. A tawa ordinatar ko bayyana bai yi ba.

Na ce to ya danna musu a tasa mana. Ya ce ba ya yiwuwa, sai an sake bugawa gida-gida, kuma shi kaɗai ne a teburin.

Raina ya ɓaci. Na ce abincin masu yunwa ne za a ɗaure a jikin manhajar kamfani guda? Ya dubi ƙofa, ya rage murya: "Madam, ni ba ni na yi ta ba. Daga waje aka aiko. Ki tafi wurin Alu a Zongo, kowa can yake zuwa."

Alu. Ta yaya ma'aikacin biron agaji ya san Alu? Tun a taksi nake juya abin. Takardar da ba ta buɗuwa sai da kayansu, ta fito daidai lokacin da yake yawo da wasiƙarsa. Ni ba yarinya ba ce.

Asabar, 22 ga Mayu

Shagunan intanet biyu na gwada. Tsohuwar manhaja ce ta sata gare su, takardar ta ƙi. Na biyun ma ƙwayar cuta ya zuba mini a kile.

Na buɗe cikin takardar ina nazarin yadda maɓallin yake ƙirga lambar. Zan iya. Na aika tambaya ga mutanenmu na Wagadugu da Dakar.

Kawu: "Mi ake ciki, ɗiyata?" Na ce gobe in sha Allahu.

Litinin, 24 ga Mayu

Alu ya kira. "Balki, na ji kina da sunayen garinku. Kawo su yau, akwai wuri."

Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce wannan ba shi ne muhimmi ba. Na ce a wurina shi ne muhimmi. Na ce in na zo sai na sa hannu a wasiƙarka ko? Ya ce, "Allah ya shirye ki," ya kashe.

Ba zan ba shi wannan daɗin ba. Saura kwana uku, kuma na kusa gano lissafin.

Kawu ba ya cin abinci sosai. Na yi masa shinkafa da miya, ya ci loma kaɗan ya rufe kwanon. Ya ce ba ta ciyuwa in ya tuna gida. Duk yini yana zaune bakin ƙofa yana kallon masu shiga kasuwar Lazaret.

Laraba, 26 ga Mayu

Na sa lambobin da hannuna, duka ɗari biyu da sha ɗaya. Na kai. Ordinatar Mutari ta yi ja daga sama har ƙasa, ko lamba ɗaya ba ta karɓa ba.

Ya miƙo mini kile ɗina. Da ma ya zage ni.

Alhamis, 27 ga Mayu

Da safe ma sai da na sake gwada wata dabara. Me ya sa? Ban sani ba. Ƙarfe ɗaya ta wuce kafin in ɗauki kayen Kawu in hau taksin Zongo.

Shagon ɗinkin yayansa ne, an ture kekuna gefe. Ordinatar guda a kan tebur, mutane a kan benci har waje, kowa da kaye a cinya. Na san su. Zeinabu ta ƙungiyar matan Tera, Hasan na masu kiwo, Sa'adatu. Mutanenmu ne, na ƙungiyoyi goma sha huɗun nan. Ni na sa musu tsarin da hannuna, ni na ce musu ba za su ƙara buƙatar kowa ba. Zeinabu ta gaishe ni da yarensu, "Fofo, malama," ta matsa mini wuri. Ban iya kallon idonta ba.

Kwana goma sha biyu Alu yana wannan aikin. Idanunsa sun yi ja, ya ɗaure wuyan hannu da ƙyalle. Na tambaye shi ordinatar ta wa ce, don ban iya yin shiru ba. Ya ce wakilin kamfani ne ya ba shi, shi ya je otal ya roƙa. Bai ɓoye ba, bai kuma ji kunya ba. Moto ta yayansa ce, da ita yake kai kile biro.

Na ce, "Ka ga dai abin da nake faɗa. Sun ɗaure mu, sannan sun zo da kyauta."

Ya ce, "Gaskiyarki. Amma yau ake rufewa. Ba ni kayen."

Mutum uku ne a gabana, tun safe suke. Zeinabu ta ce in wuce. Na ƙi, garinta ma mutane ne. Ko da na wuce ɗin ma, gida ɗari biyu ba sa buguwa a sa'a biyu. Na karɓe shi bugun don hannunsa ya huta. Muka kai kan Tungar Baushe ana kiran la'asar, muka gama ana shirin magariba. Biro ya rufe tun ƙarfe biyar.

Tun ranar Litinin Alu ya ce akwai wuri. Akwai wurin kuwa.

Asabar, 29 ga Mayu

An karɓa jiya. Zagaye na biyu.

Na raka Kawu tasha. Na ce masa jinkirin daga biro ne, aiki ya yi musu yawa. Ya ce, "Ai haka gwamnati take, ke kin yi naki." Na sa masa tiya huɗu ta gero a buhu, abin da na iya.

Alhamis, 3 ga Yuni

Na rubuta wa biron agaji wasiƙa: su yi takardar da kowace ordinatar za ta buɗe. Nan ne gyaran yake, ba a roƙon kamfani ba. Har gobe ina kan wannan. Alu ya karanta ya sa hannu nan take, ko tambaya bai yi ba. Abin ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Ya ce, "Taki ta shekara mai zuwa ce, tawa ma haka. Amma in manhajarsu tana hawa kan tsarinmu, da ordinatar goma sha huɗu sun yi aikin nan, ba guda ba." Na ce da kuma goma sha huɗun sun zama nasu. Ya ce mai yiwuwa. Ya ajiye mini wasiƙarsa a kan tebur ya tafi.

Wakilin nan har yanzu ban yarda da shi ba. Ba a ba mutum ordinatar don Allah kawai.

Laraba, 9 ga Yuni

An ce ruwa ya sauka a Arewa jiya, mai yawa. Kowa yana murna. Garuruwan kamiyon farko suna da iri.

Talata, 22 ga Yuni

Kawu ya kira da wayar malamin lakwal, makarantar boko. Kamiyo ya iso jiya.

An kira suna ɗari biyu da sha ɗaya, ɗari da casa'in da biyu suka amsa. Gida goma sha tara sun tashi bayan ruwan, da suka ga maƙwabta suna shuka su ba su da ko ƙwaya. Sun yi kudu. Na tambayi labarin Fati. Ya ce tana cikinsu, da yaran, ba a san garin da suka sauka ba tukuna.

Sai ya shiga sa mini albarka. Wai maigari ya ce a gaishe ni, wai an yi mini addu'a a masallaci, ba don ɗiyarmu ta Yamai ba da ba mu ga ko buhu ɗaya ba. Yana ta faɗa, ni ina riƙe da waya. Na buɗe baki in faɗa masa zancen ranar Litinin ɗin nan. Na ce amin.

Da rana wata mata ta zo daga wajen Walam da kaye a leda, an ce mata nan ake cike takardar agaji. Na saba in zaunar da mutum in yi masa bayanin tsarin kyauta tukuna. Yau kam na rufe aji, na tare mana taksi zuwa Zongo. Ni na buga mata, gida tamanin da shida, mun kai kafin a rufe.

Alu ya tambayi wasiƙarsa. Na ce tana jakata, ban gama karantawa ba. Ya san na gama. Ban sa hannu ba. Na dai gyara masa kuskure biyu a sakin layi na farko, don in za a aika, a aika da kyau.

Gobe akwai garuruwa uku. Na ce masa zan zo ƙarfe bakwai.